Kafin ka sa wa injin faifai kan allura mai tsada

Ka tambaye ni, ɗana, ko gaskiya ne abin da masu sha'awar faifan garmaho ke faɗi, wai injin da ya fi nauyi shi ne mai nagarta, kuma ko mu sa wa injin roban nan da aka kawo mana kan allura mai tsada, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allurar, kamar yadda mai shi ya nema. Ajiye sukundireban ka matso.

Kama hannun allurar daga gindinsa, ka ɗan motsa shi a hankali. Ka ji yana ƙwal-ƙwal? To, a nan matsalar take. Layin da allura ke bi a jikin faifai siriri ne kamar silin gashi, duk wani motsi da hannun ya yi na kansa sai ya fito a sauti. Ko nawa aka kashe a kan allura, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Yanzu cire bel ɗin, wato robar da ke haɗa mota da faranti, ka juya farantin da faifai ke zama a kai da yatsa, ka kasa kunne. In ya daɗe yana juyawa shiru, sandar tsakiya lafiya lau take. In ya yi gurnani ko ya tsaya nan take, babu allurar da za ta gyara wannan.

Maganar nauyi kuwa rabin gaskiya ce. Injin Technics SL-1200 na Japan ya fito a 1972, samfurinsa na 1979 ya haura kilo 12, motarsa kuma kai tsaye take juya faranti ba bel. Amma kamfanin Rega na Ingila da gangan suke rage nauyin nasu, da bel yake aiki, kuma Planar 3 ɗinsu tun 1977 ake yaba shi. Abin da ya haɗa su shi ne ba ka samun wani abu sako-sako a jikinsu.

In injin yana da ƙwari, fara da abu mai araha: sabuwar allura, sabon bel, ɗigon mai a sandar tsakiya. Ka auna nauyin da allura ke danna faifai da ƙaramin sikeli, yawanci tsakanin giram 1.5 zuwa 2.5 ne, kada ka yi da ka. Ka ɗora shi a wuri madaidaici, nesa da sifika. Wayoyin haɗa sauti masu ɗan karen tsada dai ni ban taɓa sa kowa ya saya ba.

Ka kuma kula da injinan gwanjo na Amurka. Wutarsu 60 Hz ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50. Injin bel da motarsa ke bin bugun wuta, ko ka sa masa taransifoma, juyi 33 a minti zai koma wajen 28, murya ta yi ta jan ƙafa, sai an sauya ƙaramar gargarar da ke kan motar.

Shi kuma mai injin roban, gaya masa gaskiya: mu sa masa allura daidai shi, sauran kuɗin ya adana har ya samu inji mai hannun kirki.