Teburin da ake ɗagawa a sauke: kafinta ya zuba jarinsa ko ya dakata?

Tambaya: Ni kafinta ne a Jos, kusa da kasuwar Katako. Wani matashi mai aiki da kwamfuta a gida ya nuna mini hoton teburin da ake ɗagawa a yi aiki a tsaye, a sauke shi a zauna, ya ce in haɗa masa irinsa. Ina tunanin kwashe abin da na tara in yi guda goma in kai Abuja. Mene ne shawararka?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Ka yi wa matashin nasa, amma batun guda goma ka jingine shi tukuna, domin mai saye ɗaya ne kawai ya zo maka, kuma ba ka ce ya ba da kafin alƙalami ba.

Wahalar wannan tebur tana ƙafafunsa ne, aikin da rabinsa na mai walda ne. Mai zama yana bukatar saman tebur ya kai santimita 72 zuwa 75 daga ƙasa, mai tsayuwa kuwa wajen 100 zuwa 115, gwargwadon tsawonsa, yadda gwiwar hannunsa za ta yi daidai da saman teburin. Irin wanda matashin ya gani a hoto galibi mai injin lantarki ne, ƙarafunsa daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma ranar da wuta ta yi ƙarfi ta ƙone injin, wurinka za a dawo da shi alhali gyaransa ba sana'arka ba ce. Wannan ban yarda ka sa kuɗinka a ciki ba, sai dai mai aikin ya sayo ƙarafun da kansa, kai ka ɗora katako.

Abin da ke hannunka shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ƙarami a cikin babba, a huda ramuka a jere, a riƙe da ƙusa mai kauri. Yana da arha da ƙarko, sai dai ka gaya wa mai saye gaskiya: kafin a ɗaga shi sai an sauke kwamfuta, sau da yawa ma sai mutum biyu sun kama. Wanda zai riƙa sauya tsawon kullum gara a yi masa mai hannun murɗawa, ko da kuɗin ya ƙaru. Kowanne ka zaɓa, ka sa ƙarfe a gicciye tsakanin ƙafafun, ka faɗaɗa tafinsu, domin teburin da ke tsaye cak a ƙasa yana iya yin rawa idan an ɗaga shi, kuma mai buga rubutu ba ya yafe wannan.

Wajen lissafi, filawud mai ƙafa 4 da 8 yana fitar da saman tebur huɗu masu ƙafa 2 da 4, saboda haka kwata ɗinsa za ka ɗora wa tebur ɗaya, duk da cewa kuɗin gaba ɗaya zai fita daga aljihunka tun ranar farko. Idan katako ka fi so, ka guji ɗanye, ka fi ni sanin yadda hunturun Jos ke lanƙwasa shi. Ka haɗa kuɗin walda, fenti, ƙusoshi da kwanakin da ka ɓata, wanda kafintoci da yawa ke mantawa da su, sannan ka ɗora riba.

Ita kuwa Abuja, masu kayan katako na Kugbo sun riga ka zama, kuma idan ka ajiye kaya a shagon wani sai an sayar a biya ka, jarinka ya kwanta ke nan. Ka ɗauki bidiyon na farkon ana ɗaga shi ana saukewa, ka yaɗa a WhatsApp da Facebook, duk wanda ya nema ya fara biyan kuɗin kayan aiki. Ka kuma haɗa teburin da noti yadda za a kwance, domin teburin da aka kwance ya fi sauƙin ɗauka a mota ta Akwanga da Keffi.