Yaya, ga dalilin da ya sa nake auna mai da cokali

Yaya, ranar da na shiga kicin ɗinki a Unguwar Rimi zan haɗa miyar taushe, kin tsaya a bakin ƙofa kina kallona ina auna man gyaɗa da cokali. Da na ce a mayar da magi, daddawa ta wadatar, sai kika ce, "Wai ku mutanen Ingila haka kuke ci? Ko tsadar rayuwa ce ta koya muku tsumulmula?" Baƙi suka yi sallama, maganar ta tsaya. Bari in ba ki amsa tun ban koma ba.

Wallahi ba tsumulmula ba ce. Shekarunmu na farko a Manchester, maiƙon da muka ci ya fi naku. Ki tashi daga aiki a gajiye, lokacin sanyi tun ƙarfe huɗu gari ya yi duhu, babu 'yar aiki, babu ƙanwar da za ta ɗora miki sanwa. A hanya kuwa shagunan soyayyar kaza da dankali ne reras, na halal, ga arha. Haka muka yi ta ɗura wa cikinmu har ranar da likita ta auna ni ta ce jinina ya fara hawa, suga ma yana bakin iyaka. Ta ce mu baƙar fata ciwon suga ya fi saurin kama mu a kan Turawa, tun daga shekara 25 haɗarin yake ƙaruwa. Na tuna yadda Baba ya ƙare da shanyewar ɓarin jiki. Jikina a sanyaye na isa gida.

Takardar da ta ba ni cewa take a yawaita ganye da wake da hatsin da ba a surfe tas ba, a rage gishiri da mai da zaƙi. Ina karantawa sai na ga ai tukunyar Inna ce ta ƙauye: dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da yakuwa, tuwon dawa miyar kuka. Abin da muka taso muna raina wa, muna cewa cimar talaka. A can garin zogale a 'yar ƙaramar leda ake sayar da shi a shagunan kayan gina jiki, da tsadar da in na faɗa miki ba za ki yarda ba. Sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka, accar da ake nomawa a kudancin Kaduna da Filato kuma sai 2018. Su yanzu suka gano su.

Ga yadda yawancinmu muke yi. Ranar Asabar a je Cheetham Hill ko Longsight, shagunan 'yan Pakistan, a sayo ɗanyar kuɓewa da alayyafo da garin gero. Kuka da daddawa da yaji sai mai zuwa daga gida, shi ya sa kika ga akwatina rabinsa su ne. Ranar Lahadi a yi miya kala biyu ko uku, a dafa wake, a rarraba a robobi a jera a firiza. Maigida shi ke yanka albasa da wanke tukwane, ba wanda yake ganin abin kunya ne, don in bai sa hannu ba shagon kaza za a koma. Tuwo malmala ɗaya, miya mai ganye ta fi shi yawa a kwano. In za mu sayi abin gwangwani ko na kwali, akwai alama a jiki, ja da ruwan ɗorawa da kore. Ja a gefen gishiri ko suga na nufin ya yi yawa, yarana ma sun san a mayar.

Gishirin nan shi ya fi ba ni wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda ke cikin magi, don gishiri ne ya fi yawa a ɗunƙulen. Makonnin farko komai lami nake ji. Daga baya harshe ya saba, na fara jin ɗanɗanon kabewa da kanta.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da matan unguwarmu suka ce a taron suna a rage lemon kwalba, a kawo zoɓo mai citta da kanumfari da suga kaɗan, sai da aka kai ruwa rana. Wata dattijuwa ta ce wannan rowa ce, baƙo da maiƙo ake karrama shi. Na fahimce ta, haka aka rene mu. Da Babbar Sallah kuwa har gobe muna suyar nama, ba mu fasa ba.

Abin da ya dame ni, Yaya, na ga ƙwayoyin hawan jini a kan madubinki, na kuma ƙirga magi shida a tukunya ɗaya. Ban ce ki daina rana ɗaya ba, ki fara da uku. Gobe da safe ki shirya mu je Bakin Dogo mu sayo rama da zogale da tumatir. Kwaɗon ni zan yi, ke dai ki ɗanɗana.