Ruwan da ke ɓoye a cikin garin POP

Ka tambaye ni me ya sa aka rubuta hemihaidiret a jikin buhun POP, farin garin nan da muke yin silin da shi, sannan ka ce me zai hana mu daka ragowar da ta daskare mu sake kwaɓawa. Ai amsarsu ɗaya ce, yaro.

Asalin garin nan dutse ne, jifsam, irin wanda ake haƙowa a Fika ta jihar Yobe da yankin Sakkwato. In ka riƙe shi sai ka rantse busasshe ne ƙayau, alhali kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayar dutsen. Duk sinadarin da ya riƙe ruwa haka, masana na ce masa haidiret, sai su saka adadin ruwan a sunan da ƙirgen Girkanci: mono ɗaya, dai biyu, fenta biyar, hemi rabi. Jifsam shi ne kalsiyam salfet daihaidiret, CaSO₄·2H₂O. Abin da ya biyo bayan ɗigon nan, lissafin ruwan ne.

A masana'anta ana gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 150, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya fita. Cikin ƙwayar ruwa biyun nan saura rabin ƙwaya ke nan, wato ƙwaya biyu na sinadarin na tarayya a ƙwayar ruwa ɗaya. Shi ne hemihaidiret, garin da muke saya, mai ƙishirwa.

Da ka barbaɗa shi a ruwa sai ya fara mayar da abin da wuta ta ƙwace masa. Ɗora hannu a kan kwaɓin yana kamawa, za ka ji ɗumi. Kilo 100 na gari bai wuce lita 19 yake riƙewa ba. Sauran ruwan da muke zubawa don kwaɓin ya shafu ne kawai, iska ce za ta kwashe shi, shi ya sa nake hana mai fenti taɓa silin da wuri ko da mai gida na gaggawa.

To, wanda ya daskare ya koma jifsam, ya sha ya ƙoshi. Ko ka kwana kana daka, ba zai ƙara kamawa ba sai ya koma wuta. Buhun da danshin damina ya shiga ma haka yake lalacewa, don haka a kan katako ake jera su, nesa da bango.

Kuma ka riƙa wanke roba tas kafin sabon kwaɓi. Ɓurɓushin tsohon da ya maƙale yana sa sabon ya kama da sauri, kafin ka hau tsani ya sandare maka a hannu.