Kanun labarai sun yi kyau a ido, amma makaho bai same su ba

Tambaya: Na gina wa ƙungiyarmu shafin intanet. Kanun labarai na zuba su cikin div (alamar da ake tara abubuwan shafi a cikinta), na ƙara musu girma da kauri da CSS (harshen da ake yi wa shafi kwalliya da shi). Sai wani ɗan ƙungiya makaho ya ce wayarsa tana karanto masa komai a jere, ba ya iya tsallakawa zuwa inda yake so. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, kwalliya ka yi wa ido, na'ura kuwa ba ka gaya mata komai ba. Manhajojin da ke karanta wa makafi allo, irin su TalkBack a Android da NVDA a Windows, ba ruwansu da girman harafi. Alamar HTML, harshen da ake gina shafi da shi, suke bi. In sun tarar da h2 sai su sanar cewa wannan kan labari ne, mataki na 2. Ita div ba ta ɗauke da wata ma'ana. Mai NVDA harafin H yake dannawa ya yi tsalle daga wannan kai zuwa wancan. A shafinka in ya danna, babu inda zai sauka.

Ka ba taken shafin h1 guda ɗaya, manyan sassa h2, ƙananan da ke ƙarƙashinsu h3. Kada ka ɗauki h4 don kawai girmanta ya yi maka daidai, gyaran girma aikin CSS ne.

Ina kyautata zaton maɓallanka ma haka suke, div da aka liƙa wa onclick, umarnin da ke aiki in an danna. Irin wannan madannin Tab na allon rubutu ba ya tsayawa a kansa, Enter da Space ba sa motsa shi. Alamar button da duk wannan take zuwa. Ana iya yin faci da role="button" da tabindex="0", sai dai aikin Enter da Space kai za ka rubuta da hannunka. Wahalar banza.

Gwaji: ajiye linzamin kwamfuta, ka zagaye shafin da Tab kaɗai. Duk maɓallin da ka kasa kaiwa, mai amfani da allon rubutu kaɗai ma ba zai kai ba.

Tambaya: A fom ɗinmu na rina guraben da dole a cike da ja. Ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba. Ƙa'ida ta 1.4.1 ta WCAG, jagorar sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, ta hana dogaro da launi kaɗai, domin akwai masu gani da ba sa bambance ja da kore. Rubuta "dole" cikin label, wato sunan gurbin, ka kuma sa alamar required a gurbin.