Amsa ga ɗana mai shirin zuwa Madina, kan maganar murhun gashi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni a Jidda bayan sallar isha'i, kuma na yi farin ciki matuƙa da jin cewa Jami'ar Musulunci ta Madina ta ba ka gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni ko ka sa maƙeri ya haɗa maka murhun gashi a Kano ka taho da shi, ko kuwa ka bari sai ka iso ka sayi irin na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ka gani a hotunan da nake tura wa mahaifiyarka lokacin babbar salla. Ka kuma ce tunda gidan mahaifinka gidan fawa ne, kana da niyyar riƙa yin tsire a ranakun Juma'a da Asabar kana sayar wa ɗalibai, domin ka rage wa gida nauyi.

Niyyarka ta rage wa gida nauyi ta burge ni, amma maganar sayarwa ka ajiye ta tun daga yanzu. Iƙamar da za a ba ka, wato takardar izinin zama, ta karatu ce, ba ta ba ka izinin ciniki ba, kuma ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, ba sa wasa da mai sayar da abinci ba tare da lasisi ba. Suna kwashe kaya, a ci tara, wani lokacin abin ya kai ga mayar da mutum gida. Gaskiya ne tsirenmu yana da daraja a Hijaz, har mutanen Makka da Jidda suna kiransa "sairiyya", kamar yadda mutanen Sudan ke kiran nasu "agashe", kuma kakanninmu da suka zo aikin hajji suka zauna ne suka kawo shi. To amma zamanin da mutum zai kafa tukuba a lungu ya wuce. Tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil, inda mutanenmu suka daɗe suna wannan sana'a, an rushe su a aikin da aka fara a ƙarshen 2021, waɗanda suka ci gaba da sana'ar kuwa suna cikin shaguna masu takarda. Saboda haka murhun da zan yi maka bayaninsa na gashin gida ne, na ranar salla da ranar da 'yan'uwa suka taru.

Kada ka ɗauko murhu daga Kano. Maƙeranmu gwanaye ne, amma yawancin abin da suke samu baƙin ƙarfe ne ko rabin ganga, kuma murhu mai kauri zai cinye maka kilo 23 na jaka guda a jirgi. Idan gangar ta taɓa ɗaukar mai ko fenti, ko kuma an yi ragar da waya mai rufin tutiya irin na kwanon rufi, wuta tana tayar da hayaƙin da bai kamata ya taɓa nama ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wata masana'anta da ke haɗa kayan girki na gidajen abinci, don haka abin da zan faɗa maka kan ƙarfe da hannuna na taɓa shi. Abin da Larabawa ke kira "istil", mu kuma muke cewa sitenles, ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duk suna ƙyalli a shago. Abin da ke hana shi tsatsa sinadarin kuromiyam ne, wanda sai ya kai kashi 10.5 cikin ɗari kafin a kira ƙarfe da wannan suna. Shi ne yake haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ke kare ƙarfen, kuma idan aka ƙarce ta sai ta sake rufewa da kanta. Wanda ya fi dacewa da murhu shi ne mai lamba 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ya sa za ka ga an rubuta 18/8 a jikin wasu kayan. Akwai 430, wanda ba shi da nikel, ya fi araha, kuma mayen ƙarfe yana kama shi. Akwai 316, wanda aka ƙara wa wani sinadari da ke sa shi jure gishiri, shi ake so a bakin teku, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibi. Sannan akwai 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis, kuma shi ne ya fi yaudarar mai saye.

Za ka ji mutane suna cewa ka tafi kasuwa da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, idan bai kama ba to ƙarfen nagari ne. Wannan gwaji yana da amfani, amma rabin gaskiya ne, domin 201 ma yawanci maye ba ya kama shi, alhali 304 na gaske yakan ɗan ja maye a wuraren da aka lanƙwasa shi. Abin da ya fi shi ne ka nemi lambar a buge a jikin ƙarfen ko a takardar kamfani, kuma ka sa mai shago ya rubuta ta a fatura, wato rasit. Mai sayar da na gaskiya ba ya jin nauyin rubutawa. Wanda ya fara kewaye-kewaye yana cewa "asli ne, wallahi asli ne", ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce.

Ni na koyi wannan da kuɗina. A shekarata ta biyu a nan na sayi wani murhu a kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, yana ƙyalli kamar madubi, na ajiye shi a saman bene. Jidda gari ne mai laima, iskar Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri, kuma kafin shekara ta zagayo sai ga jajayen ɗigo-ɗigo a duk inda aka yi walda. Ranar babbar salla, na jera tsinke wajen arba'in, baƙi suna zaune a kan tabarma, sai ƙafa ɗaya ta baya ta karye daidai inda aka ɗaure ta da kusa, murhun ya karkace, rabin naman ya zube cikin toka, garwashi ya gangaro har gefen ƙafar ƙaramar 'yata. Allah ya tsare. Da na duba daga baya sai na tarar jikin ne kawai aka yi da sitenles mara kauri, ƙafafu da kusoshi duk baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti mai launin azurfa. Tun daga ranar, idan zan duba murhu, kifar da shi nake yi in fara da ƙafafu da kusoshi da wurin walda. Madina ta fi Jidda bushewa nesa ba kusa ba, don haka a can ko 430 mai kauri zai iya yi maka shekaru idan kana kula da shi, amma idan akwai yiwuwar wata rana ka koma gari na bakin teku kamar Jidda ko Yanbu, ka tsaya a kan 304.

Bayan lamba, sai kauri, kuma a wajena kauri ya kusa kamo lamba a muhimmanci. Sitenles yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, saboda haka mara kauri yana murɗewa tun a wuta ta biyu ko ta uku, ragar ta daina zama daidai. Waɗannan ƙananan masu naɗewa da ake sayarwa a gidajen mai da manyan kantuna, ƙarfensu bai fi rabin milimita ba, na fita ɗaya ne ko biyu. Ka nemi jiki mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, ka danna gefensa da babban yatsa, idan ya lotsa ya dawo yana ƙara kamar gwangwani ka bar shi. Sandunan raga su kai milimita 6 ko fiye. Tiren gawayi ya kasance mai cirewa, domin shi ne yake fara mutuwa a kowane murhu, kuma idan yana fita za ka iya kai shi sana'iyya, wato unguwar masu sana'ar ƙarfe, a yanka maka sabo ba tare da ka jefar da sauran ba. Ka duba ƙofofin iska a ƙasa suna buɗewa suna rufewa, da yadda za ka ɗaga raga ko ka sauke ta. Maganar murfi kuwa, tsire ba ya buƙatarsa, doguwar "shawwaya", wato murhun gashi buɗaɗɗe, mai faɗin da tsinke zai hau gefe da gefe ta wadatar. Murfi yana amfani ne ga mai gasa cinyar rago ko kaza sukutum, wanda yake son zafi ya kewaye naman a hankali. Kada ka biya kuɗin murfi da ma'aunin zafi da tayoyi alhali tsire da balangu za ka yi.

Gawayi ma yana da doka a nan. An hana sare itatuwan ƙasar da sayar da gawayinsu, irin na itacen samur da mutane suka saba da shi a da, kuma tarar tana da nauyi, don haka abin da ke kasuwa na shigowa ne. Za ka yi mamakin ganin buhu an rubuta gawayin Najeriya, har da wanda suke kira "ayin", wato marken da ka sani, kuma yana da nauyi, yana daɗewa, ba ya yawan tartsatsi. Akwai na ɓawon kwakwa daga Indunisiya, mai toka kaɗan. Kada ka zuba kananzir ko fetur, warinsu yana kama ƙuli-ƙuli. Ka tara gawayin, ka kunna daga ƙasa, ka yi fifita, ka jira kamar minti ashirin zuwa talatin har farar toka ta lulluɓe shi. Sannan ka ture yawancin garwashin gefe guda, ka bar ɗaya gefen da kaɗan, yadda idan kitse ya ɗiga wuta ta tashi kana da inda za ka kawar da naman. Mahaifinka ya san wannan a tukuba, inda tsinke yake tsaye a gefen wuta. A kan raga naman yana saman garwashi kai tsaye, kuma ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci, shi ya sa sai ka ɗaga ragar sama kaɗan.

Idan ka gama, kada ka watsa ruwa a kan ƙarfe mai zafi, abin da ke murɗe murhu mai tsada ke nan. Ka rufe ƙofofin iska ka bar wutar ta mutu, washegari ka kwashe tokar duka, domin toka da laima idan sun haɗu suna cin ƙarfe kowane iri ne. Ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka tsane shi sarai. Kada ka goge da soson baƙin ƙarfe, yana barin ɓurɓushi da ke yin tsatsa a kai, kuma kada ka kusantar da ruwan bilic, domin sinadarin da ke cikinsa yana huda wannan fatar da na ambata. Za ka ga cikin murhun ya koma ruwan zuma ko shuɗi-shuɗi bayan wuta ta farko. Wannan launin zafi ne, ba tsatsa ba ne, kada ka wahalar da kanka wajen kankare shi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka da girman Allah. Madina tana sanyi a watannin Disamba da Janairu, kuma za ka ga wasu suna shigar da sauran garwashi ɗaki don jin ɗumi. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, mutum yana barci ta ɗauke shi, kuma jami'an Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, suna jan kunne a kan haka kowane hunturu. Ba a ɗaki ba, ba a baranda mai rufi ba, ba a cikin tanti ba. Masaukin ɗalibai kuwa ba a yarda da wuta a cikinsa ba, haka ma kunna wuta a lambunan gari in ba a wurin da aka keɓe ba laifi ne da ake cin tara. Mutanenmu sukan haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari, a can ake gashi hankali kwance.

Shawarata ita ce kada ka sayi komai a shekararka ta farko. Murhu nagari yana kaiwa daga ɗaruruwan riyal masu yawa zuwa dubbai, ga harajin kashi 15 a kai, kuma mukafa'ar ɗalibi, wato alawus ɗinsa, ba ta ɗaukar wannan. Ka zauna ka san gari, ka san ɗaliban da suke da iyali da gidan haya a waje, in ya so ku haɗu ku biyar ko shida ku sayi ɗaya mai kyau, a ajiye a gidan mai wurin ajiya. Sallar farko kuwa a gidana za ka yi ta in Allah ya yarda, jirgin ƙasa na Haramaini zai kawo ka Jidda cikin kamar awa biyu, nawa murhun yana nan, kuma ina so in ga hannunka a kansa. Abin da za ka taho mana da shi ƙuli-ƙuli ne mai kyau wanda aka matse mansa sosai, da yajin da mahaifinka ke haɗawa, a ɗaure a leda biyu a cikin jakarka, kuma kada ka karɓi ƙunshin kowa a filin jirgi. Ka gaishe da mahaifiyarka da mahaifinka, ka sanar da ni da zarar biza ta fito.

Kawunka, daga Jidda.