Motar tafi-da-gidanka da zafin man giya: me za a fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Dalas, jihar Teksas. Bara na sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu, irin mai gado da kicin a ciki, Ford E-450, kuma nakan ɗaura mata ƙaramar motar maiɗakina a baya. A watan Yuli muna hawan dutse a Kolorado, sai na'urar da na jona a ƙasan sitiyari ta nuna man giya ya kai digiri 230 na Farenhait. Gabana ya faɗi. Wani abokina ya ce in sayi ƙarin lagireton giya, wani kuma ya ce canjin mai ya isa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, akwai abin da ba ka faɗa mini ba: minti nawa lambar ta yi a 230 ɗin? Nan maganar take.

Giya otomatik ta fi jin daɗin aiki idan manta yana tsakanin 175 da 200, wato 80 zuwa 93 a ma'aunin Salshiyos da muka saba da shi a gida. Kamfanin Allison, mai ƙera giyar manyan motocin nan masu dizal, 160 zuwa 200 ya ba da a matsayin zafin yau da kullum, ya kuma ja layi a 250 ga man da ke kaskon giya. To mota mai nauyin taka, da wata a bayanta, a tsakiyar Yuli, in ta taɓa 230 a hawa irin na ramin Eisenhower, hanyar motar da ta ratsa cikin dutse a Kolorado, da ya haura ƙafa 11,000 sama da teku, inda iska ba ta da kaurin da za ta sanyaya komai sosai, sannan ta sauko da zarar kun gangara, ba ta yi laifi ba. Wadda ke ba ni tsoro ita ce mai zama a 220 awa biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Tsofaffin makanikai suna da ƙa'ida: duk ƙarin digiri 20 sama da 175 yana raba kwanan mai gida biyu. Man zamani ya fi na da juriya, amma ba a canza wa zafi hali ba. Mai ya fara dafuwa, robobin ciki su bushe su taurare, faifan kuloci su fara zamewa, daga nan sai a sauke giyar daga mota don gyara.

Ka kuma sani lambar da na'urarka ke karantowa ta man cikin giya ce. Wanda ke fitowa daga konbata, ƙwaryar man nan da ke tsakanin inji da giya, ya fi haka zafi. Konbatar ce murhun. Muddin tana zamewa, mai take niƙawa tana mayar da ƙarfin inji zafi. Shi ya sa direban da ya bar mota a babbar giya ya danne totur a hawa, wai don kada inji ya yi ƙara, giyarsa yake dafawa. Danna maɓallin Tow/Haul, wato na jan kaya, sauko da giya da hannunka, ka bar injin ya yi kukansa. Fanka da famfon ruwa za su ƙara gudu. In ka ga 240 kuma tana ci gaba da hawa, nemi gefe ka tsaya, ka sa ta a P, amma kada ka kashe. Inji na mutuwa mai ya daina zagayawa, zafin ya kwanta a ciki.

Abin da za ka fara kashe wa kuɗi kuwa ba lagireto ba ne, sikeli ne. Je tashar manyan motoci mai CAT Scale, da iyali, da ruwa cike a tanki, da motar Hajiya a baya, a auna ku. E-450 ita kaɗai iyakarta fam 14,500, ita da abin da take ja gaba ɗaya fam 22,000, kusan tan 10. Galan ɗaya na ruwa ya fi fam 8, kuma na san halinmu da tafiya, buhun shinkafa da tukwane ba sa zama a gida. In kun zarce iyaka, babu lagireton da zai cece ku, kuma birki ma yana cikin wahalar.

Sai mai. Zaro geji ka ɗiga a farar takarda. Ja ko ruwan hoda, lafiya lau. Ya yi duhu yana warin ƙuna, canja shi da matatarsa, da ainihin wanda littafin motar ya ambata; yawancin na baya-bayan nan Mercon LV ne. Ka leƙa gaban lagireto ka wanke ƙwari da ƙura. In duk ka yi wannan, tafiya ta gaba lambar ta nace sama da 220, to abokinka na farko ya yi gaskiya. Sayi lagireto mai jeren faranti, ya fi mai lanƙwasasshen bututu sanyayawa, a jona shi bayan na ainihi, ba a madadinsa ba. In kana zuwa jihohin ƙanƙara, ɗauki mai bawul ɗin da ke kauce masa har mai ya ɗumama, don man da ya yi sanyi ƙalau shi ma ba ya aiki daidai.

Tambaya: Malam, motar ƙanena ta mutu a hanyar Jos, na ja shi da igiya da Sienna tawa har Saminaka. Duka biyun otomatik ne. Yanzu man giyata ya yi baƙi. Wane mai zan saya?

Amsa: Alhaji, ka yi zumunci, amma giya biyu ka wahalar a rana ɗaya. Taka ta ja nauyin da ba nata ba. Ta ƙanenka ce ma ta fi ba ni tausayi: injinsa a kashe yake, famfon man giyarsa ba ya juyawa, ga tayoyi suna juya ƙarafan ciki babu mai na isa gare su. A duba tasa kafin ya hau titi.

Taka kuma, karanta jikin geji ko littafin motar. Toyota takan rubuta T-IV ko WS, gwargwadon shekarar motar, kuma wanda aka rubuta shi za ka saya, a rufaffen galan. Jan man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin gareji, kyauta ma kada ka karɓa. In bayan canji tana jinkirin shiga giya ko tana fizga, kai ta wurin mai gyaran giya, ba mai inji ba. Gaba in haka ta sake faruwa, ku haɗa kuɗi ku kira janwe mai ɗora mota a baya.