Yaya ake gane baiwar ƙwallo a wurin yaro ɗan shekara bakwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mazauniyar Jidda, ina da ɗa mai shekara bakwai wanda ba ya rabuwa da ƙwallo, har maƙwabta na cewa baiwa ce Allah ya yi masa. Kawunsa ya gwada shi, ya ga yana daɗewa yana buga ta sama da ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Shin wannan ya isa shaida, ko akwai gwajin da za a yi masa kafin mu kashe kuɗi a makarantar ƙwallo?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Abin da kawunsa ya gani yana nuna cewa yaron ya daɗe yana maimaita abu ɗaya har ƙafarsa ta saba, kuma wannan naci abin yabo ne, amma bai isa a yanke hukunci da shi ba, domin a fili akwai abokin hamayya, akwai gudu, akwai shawarar da ake yankewa cikin ƙiftawar ido. A tawagar Saudiyya ta gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha akwai 'yan wasa uku masu laƙabin Hawsawi, wato Usama, wanda ya taso a kulob ɗin Al-Wahda na Makka kuma shi ne kyaftin, da Umar da Mu'utaz, dukkansu 'yan baya ne, masu aikin karanta wasa da tare hanya.

Masana motsin jiki ba sa fara gwada yaro da ƙafa kaɗai. Gwajin TGMD, wanda Dale Ulrich ya fitar a Amurka a 1985 domin yara daga shekara 3 zuwa 10, yana duba gudu da tsalle, sannan jifa da cafewa da shuri da dukan ƙwallo da hannu tana tashi daga ƙasa, kuma maki yana tafiya ne kan yadda aka yi motsin, ba kan nisan da ƙwallon ta kai ba. Kawunsa zai iya yin kwatankwacin wannan bayan la'asar idan zafi ya sauka, da ƙwallo mai lamba 3, domin lamba 5 ta manya tana yi wa ƙafar yaro nauyi. Ya jera robobin ruwa biyar, taku biyu tsakanin kowace, yaron ya ja ƙwallo a tsakaninsu da dama, ya dawo da hagu. A lura ko yana ɗago kai ko idonsa na liƙe da ƙwallon, a kuma duba idan zai yi shuri ko yana dasa ɗaya ƙafar a gefen ƙwallon. Sai a jefa masa ita daga taku biyar, a ga ko yana miƙa hannu ya tarbe ta da yatsu ko rungumarta yake yi a ƙirji yana kau da fuska.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne a rubuta abin da aka gani, a sake gwajin bayan wata uku, domin saurin koyo ya fi sakamakon rana ɗaya faɗin gaskiya. A koya masa abin da bai taɓa yi ba, kamar tare ƙwallo da cinya, a ga yadda yake gyara kansa idan ya kasa, da kuma ko yana fushi ya bari ko yana neman a sake. A kuma kalle shi cikin wasan uku da uku tare da sa'o'insa ba tare da ya san ana kallonsa ba, a ga inda yake zuwa lokacin da ƙwallon ba ta ƙafarsa.

Akwai tarkon da masu horarwa da kansu ke faɗawa. A yawancin ƙasashe ana raba yara rukuni bisa shekarar haihuwa daga 1 ga Janairu, saboda haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda, kuma bincike a ƙasashe da yawa ya nuna cewa waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi cika makarantun ƙwallo, saboda ana ɗaukar girman jiki a matsayin baiwa. Ƙaramin jiki kuwa ba ya nufin rashin baiwa: Lionel Messi ya je Barcelona yana da shekara 13 yana fama da ƙarancin sinadarin girma. Yawancin maza ba sa yin babban tsiron tsawo sai wajen shekara 13 zuwa 14, don haka duk hukuncin da aka yanke kafin nan na wucin gadi ne.

Shawarata, Hajiya, kada a ɗaure shi a ƙwallon ƙafa kaɗai yanzu. Iyo da guje-guje da ƙwallon hannu duk suna gina jikin da zai buƙata. Idan za ku sa shi a makaranta, ku zaɓi wadda yara ke yawan taɓa ƙwallo a ƙananan rukuni, ba wadda suke tsayawa a layi ba. Ma'aikatar Wasanni ta Saudiyya ta ƙaddamar da makarantar Mahd a 2020 domin zaƙulo yara masu baiwa, sai ku tambayi sharuɗɗan shiga, musamman idan da iƙama kuke zaune. Duk dillalin da ya nemi kuɗi da alkawarin kai shi Turai, ku sani dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa zuwa kulob ɗin wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi na musamman.